Ɓeraye Goma Sha Tara da Aka Sauya wa Uwa

Shekara ashirin da biyu ke nan tana kiwon ɓeraye, da albashi da katin aiki da farar riga. A wurin aiki ba mai tuna sunanta na yanka. A bayan idonta Uwar Ɓeraye suke ce mata, a gabanta kuwa Inna, don ba ta ɗaukar wargi. Ɗakinta yana ƙasan ginin bincike, ba taga, sai fitila da na'urar sanyaya ɗaki mai gurnani. Kanta biyu ne dogaye, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowacce cike da keji, kowane keji da katinsa da kwalbar ruwansa. Baƙo in ya leƙo sai ya toshe hanci ya ja da baya. Ita kuwa da warin kaɗai take gane kejin da aka haihu a cikinsa jiya.

Ba don sha'awa ta shiga aikin ba. Wa ke tashi da burin zama ungozomar ɓera? Mijinta kafinta ne, shi yake kai wa ginin garin katako da ake shimfiɗa wa dabbobin. Da ciwo ya kwantar da shi, ita ta riƙa ɗaukar buhun a ka tana kaiwa. Ciwon ƙoda ne. Ya yi wata goma sha ɗaya ana yi masa wankin ƙoda, ya rasu yana da shekara talatin da takwas, ya bar mata yarinya 'yar shekara uku wadda yake kira Lele. Shugaban ginin na lokacin ya ji tausayinta ya ba ta wankin keji. Ranar farko wani ɓera ya hau hannun rigarta, ta kurma ihu ta haye tebur, sai da maza biyu suka lallashe ta ta sauko. Yau kuwa tana cafko ɓera ta ƙeya da yatsu biyu tana hira da kai, ko kallonsa ba ta yi.

Amma abin da ya tafi da rayuwarta ba ɓerayen ba ne. Magana ce guda da aka yaɓa mata a zaman makoki. Yayar mamacin, wadda Lele ke kira Gwaggo, mace mai baki kamar reza, ta dube ta a gaban mutane ta ce, "Gishirinki ne ya cinye min ƙane." Ba wanda ya buɗe baki ya tuna wa Gwaggo cewa babban wansu ma ƙoda ce ta kashe shi, kuma shi bai taɓa cin girkin matar kafinta ba. Ba wanda ya ce mahaifinsu ma da kumburi ya tafi. Ita kanta ta sani sarai. Sai dai maganar Gwaggo, duk da zafinta, ta fi sauƙin ɗauka. In gishiri ne, to gishiri a hannunta yake, za ta iya hana shi. In kuwa a jini ne, jinin nan yana yawo a jikin Lele, kuma wannan ba ta da yadda za ta yi da shi. Don haka ta zaɓi gishiri.

Daga ranar gishiri ya bar gidan. Ruwa sai an tafasa an tace. Lemon kwalba haram. Maganin ciwon kai na shago, ko ƙwaya ɗaya. Lele ta tashi tana cin miya lami, ta girma ta zama mai barkwanci, tana cewa miyar Ummanta in aka kai wa majinyaci sai ya nemi sallama da ƙafarsa. Uwar takan ce, "Ci dai, ja'ira, ran da kika kai tamanin za ki gode min." Su ci su yi dariya. Lele ta gama makaranta ta samu aiki a shagon buga takardu, doguwa, lafiyayya, shekara ashirin da biyar. Uwar in ta kalle ta sai ta ji a ranta cewa ta yi nasara, kulawa ta fi ƙarfin jini.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba. Duk Litinin tana ɗiga fitsarin iyayen ɓeraye a kan wani ɗan tsinken gwaji na takarda, wanda ke rikiɗewa daga ruwan ɗorawa zuwa kore idan ƙoda ta fara yoyo. Ta yi wa dubban ɓeraye. 'Yar cikinta kuwa, ko sau ɗaya. In tunanin ya zo mata sai ta ce me za a gwada a jikin yarinyar da ake kula da ita haka. Gaskiyar magana tsoro take ji.

Shekara huɗu da suka wuce aka kawo sabon mai bincike, siriri, mai tabarau, mai ladabi har ya yi yawa. Dakta kowa ke ce masa. Shi ya raba ɓerayen zuri'a biyu, 'yan Dama da 'yan Hagu, gwargwadon kantar da suke kai. Dukansu baƙaƙe ne, ko uwarsu ba za ta bambance su da ido ba. Wata rana ya kira ta sama ya nuna mata hoton cikin ƙoda da aka ɗauka ta madubin likita.

"Kin ga wannan ƙulli, Inna? Dubbai ne a cikin kowace ƙoda, nan ake tace jini. Waɗannan ƙwayoyin da suka rungume shi suna da yatsu, sun sarƙe su haka." Ya saka yatsun hannunsa na dama cikin na hagu. "Rariya ce. Ruwa da datti su wuce, abin amfani ya tsaya. 'Yan Dama ana haifarsu da ƙwayoyin nan da yawa, yatsun a matse. 'Yan Hagu nasu kaɗan ne, yatsun gajeru. Suna kai mako goma sha biyu sai rariyar ta ɓule. Ni abin da nake nema shi ne wace ƙwayar gado ce take tsara hakan."

Inna ta taɓe baki. "Dakta, ni nake kwana in tashi da su. Uwayen Hagu ragwaye ne. Nono ba ya isarsu, sheƙa ba sa ginawa, su bar jarirai a sanyi su tafi yawo. Yaron da bai sha ya ƙoshi ba, ina zai samu ƙodar kirki?"

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya bar mana ke, Inna." Da ya san irin kunnen ƙashinta, da bai yi dariyar nan ba.

Ga abin da ta shiga yi. Idan uwar Dama da uwar Hagu suka haihu a tsakanin kwana ɗaya, sai ta zaɓi jaririn Hagu mafi ƙanƙanta, ja-ja-wur, bai fi kan ɗan yatsa ba. Ta murza masa jiƙaƙƙen garin katako na kejin Dama har ya ɗauki warin gidan, ta cusa shi a tsakiyar 'ya'yan. Uwar Dama ta shinshina ta kwanta ta ba shi nono. Ita ce ke rubuta yawan jarirai a kati ranar kwana biyar, ita ce ke huda musu kunne ta ba su lamba a mako na uku. Don haka ɗan Hagu ya zama ɗan Dama a takarda, ba wanda ya sani sai ita da Allah. A mako na huɗu ake ɗauke su a kai su ɗakin gwaji na sama, inda ba ta da hurumi. Suna barin hannunta ɓul-ɓul, gashi yana sheƙi. Takan bi kejin da kallo ta ce a ranta, ga wani na ceto. Cikin shekara biyu ta yi wa goma sha tara haka, kuma lambar kowane tana kanta.

Ba ta ɗauki abin a matsayin ha'inci ba. A ganinta reno take yi, kuma wata rana Dakta da kansa zai gane ita ce da gaskiya.

Wata Laraba da hantsi tana cika kwalaben ruwa aka ce Dakta yana nemanta yanzu-yanzu. Ta same shi a ofis, takardu warwatse har ƙasa, tabarau a hannu, ido jawur. Ko gaisuwarta bai amsa daidai ba.

"Inna, zauna. Na shiga uku."

"Subhanallahi, me ya yi zafi?"

"Cikin 'yan Dama ɗari biyu da wani abu, an samu wasu da ƙodarsu ta lalace irin ta 'yan Hagu. Na yi zaton sabon abu na gano. Wata takwas ina rubutu a kai, har na tsaya gaban manya na yi bayani, suka tafa min. Sai wani ya ce in tabbatar da jininsu tukuna. Na aika da guntun kunnuwansu. Yau sakamako ya zo." Ya buga takardar a tebur. "'Yan Hagu ne! Gaba da baya 'yan Hagu ne! Ta ina suka shiga? Mai gwajin nan ta ɗakin sama ce ta cakuɗa min lambobi, ba makawa. Yau za ta bar ginin nan."

 Mai gwajin mace ce mai 'ya'ya uku, ba ruwanta da kowa, kullum sai ta leƙo ta gaishe da Inna.

"Guda nawa ne?" in ji ta.

"Goma sha tara."

 Ta ce, "Karanto min lambobin."

Ya dube ta da mamaki, ya fara. Ɗari da huɗu. Ɗari da goma sha bakwai. Kafin ya faɗi ta uku ta riga shi: "Ɗari da talatin da ɗaya." Ya ɗago kai. Ta ci gaba da jerowa, ɗaya bayan ɗaya, shi yana bi da yatsa a takarda. Da ta kai ta goma sha tara, bakin Dakta a buɗe yake, ya kasa rufewa.

"Ka ƙyale baiwar Allah, ba ta san komai ba. Ni ce." Ta faɗa masa yadda take yi, da garin katakon, da katin, da hudar kunne, ba ta rage komai ba.

"Inna!" Ya miƙe, kujerar ta kife. "Inna! Ke? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Shekara biyu! Kin san me kika yi min kuwa? Na rantse da kan kowa zan iya zargi a ginin nan ban da ke! Ni da nake cewa a je a koyi aiki wurin Inna!" Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a waje ba, ranar har masu shara suka tsaya a baranda. Ya kama kai da hannu biyu yana kai da komo. Yana da gaskiya kuwa, an cuce shi, kuma wadda ya fi yarda da ita ce ta cuce shi.

Amma ita ta daina jinsa. Lissafi ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Goma sha tara ta sauya wa uwa. Goma sha tara ya karanto.

"Dakta," ta katse shi. "A cikinsu guda nawa suka tsira?"

"Suka me?"

"Waɗanda ƙodarsu ba ta ɓule ba."

"Ko ɗaya! Ai shi ya sa na gan su!"

"To amma sun jinkirta, ko? Sun fi 'yan uwansu daɗewa."

Ya fizgo wata takarda ya duba a fusace. "Mako goma sha biyu. Daidai da 'yan uwansu da kika bari a Hagu. Ko kwana uku ba su ƙara ba."

"Har ɗari da talatin da ɗaya? Wannan fa ya fi 'ya'yan gidan ƙiba. Da hannuna nake jiƙa masa abinci."

"Inna, ƙiba daban, ƙoda daban. Ƙwayoyin nan tun a ciki ake ƙirga masa su. Nonon duniya ba zai ƙara masa ko ɗaya ba."

Ta dafa tebur. Ɗakin ya juya mata.  Dakta yana tsakiyar wata maganar ya lura matar nan ta yi fari fat. Ya ɗauka tsoron kora ne. Ya sassauta ya ce, "Maganar aiki ba yau ba, zauna tukuna."

"Ba aikin ba ne," ta ce. "Ina da 'ya."

Nan ta kwashe komai ta faɗa masa, abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa a ginin ba: kafinta, da wansa, da mahaifinsu, da Gwaggo, da shekara ashirin da biyu na miya lami. Dakta ya tayar da kujerar ya zauna a hankali. Fushin ya sauka daga fuskarsa.

"Saurara, Inna. Ɓera ba mutum ba ne. Waɗannan mun tsara zuri'arsu ne don duk su zama iri ɗaya. Mutum yana ɗaukar rabi daga uwa rabi daga uba, tana iya yiwuwa ba ta ɗauko ba sam. Kuma kulawar da kika yi ba ta tafi a banza ba, a mutum tana rage wa ƙoda wahala. In ma akwai abin, idan aka gano da wuri akwai magungunan da ke ja masa birki. Me gwajinta na ƙarshe ya nuna?"

Ta kawar da kai.

"Yaushe aka gwada ta?"

"Ba a taɓa ba."

Wallahi firgitar da ya yi yanzu ta fi ta ɗazu. Ya cire tabarau ya mayar. "Ba a taɓa ba? Uba, da wan uba, da kaka? Ke da kike riƙe da tsinken gwaji duk Litinin? Haba Inna! Haba!"  Ya buɗe durowa ya ɗauko gwangwanin tsinkayen da wani ɗan kofin fitsari mai murfi ya tura mata. "Tafi gida. Duk abin da ya nuna, gobe ki kai ta a auna jininta."

Ba ta san yadda ta sauka daga benen ba. Ta bar kwalaben ruwa rabi a cike, ta fita da farar rigar a jikinta, abin da doka ta hana. A mota mai karɓar kuɗi ya yi mata magana sau uku kafin ta ji. Ta isa gida rana tsaka, ta zauna a kujerar falo ta ajiye kofin a kan tebur, ta zuba masa ido. Ta shirya maganganu kala-kala. Za ta ce a wurin aiki ne aka ce kowa ya gwada iyalinsa. Za ta ce wasa ne. Za ta yi dariya tana faɗa.

Da la'asar ta ji taɓa ƙofa. Lele ta shigo da sallama, jaka a kafaɗa, tana cewa, "A'a, Umma, yau ɓerayen sun ba ki hutu ne, ko sun yi miki juyin mulki?" Sai idonta ya sauka a kan kofin da gwangwanin. Dariyar ta ɗauke. Ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta ajiye jakar a hankali ta jingina da bango.

Duk maganganun da uwar ta shirya suka gudu. Ta ce, "Lele, taimake ni ki shiga banɗaki da wannan."

"Ba sai an gwada ba, Umma."

"Kamar yaya?"

"Kumfa yake yi. Kamar an zuba sabulu." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Wata bakwai ke nan. Bokiti biyu nake korawa da shi don kada ki shiga bayana ki gani."

Uwar ta miƙe, ta koma ta zauna. "Wata bakwai? A gidan nan? Ina kwana ɗaki ɗaya da ke?"

"Da safe fuskata takan kumbura, shi ya sa nake riga ki tashi in wanke da ruwan sanyi. Ƙafa kuma sai yamma. Na sayi wani takalmin babba, a shago nake ajiye shi, in zan dawo in matsa in sa wannan."

"Don me? Lele, don me? Ni ce fa! Me na yi miki da za ki ɓoye min?"

Hawaye ya zubo wa yarinyar. "Tun ina shekara uku ba ki ƙara cin abinci mai daɗi ba saboda ni. Kullum kina kallona kina murna. Ta yaya zan buɗe baki in ce miki bai yi ba?"

Wayyo. Wannan magana ta fi ta Gwaggo ciwo sau dubu, kuma da ƙauna aka faɗe ta. Ashe tsoron da uwar take ɓoyewa, 'yar ta daɗe da ɗauka tana taya ta ɓoyewa.

Ta sauko daga kujerar ta durƙusa a gaban 'yarta. Ta ɗaga bakin doguwar rigar. Igiyar takalmin ta nutse cikin naman ƙafar, idon sawun ya ɓace gaba ɗaya. Ta kwance igiyar, ta zare takalmin. Sannan ta sa babban yatsanta a ƙwaurin ta danna, ta ɗaga.

Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse. Ta tsaya tana jira ya ciko. Bai ciko ba.

Lele ta ɗora hannu a kan ɗankwalin uwarta ta ce, "Yi haƙuri, Umma."

"Rufe min baki," in ji uwar, tana kuka ba ta ko sharewa. "Ke kike ba ni haƙuri? Zauna ki ɗora ƙafar nan a kan cinyata."